Baƙin Allo da Ɗan Gwaggonsa

A ofishin ba wanda ke kiransa da sunan da ubansa ya raɗa masa. Baƙin Allo ake ce masa, domin duk wanda ya leƙa kwamfutarsa ba abin da zai gani sai baƙin fili da ƙananan korayen haruffa kamar jerin tururuwa. Babu hoto, babu ado, babu ko ɗan akwatin da za a danna. Siririn mutum ne mai ɗan rankwafawa, ba ya son hayaniya, idan yana aiki leɓɓansa na motsi kamar mai karatu a zuci. Sana'arsa rubuta manhajar kwamfuta.

Ubansa mai gyaran rediyo ne, a ƙarƙashin teburin shagon ya yi rarrafe, cikin warin darma da tsofaffin batura. Yana saurayi wani ya kawo wata tsohuwar kwamfuta gyara, bai sake waiwayarta ba. Uban ya juya ta nan, ya juya ta can, ya ce wannan ba danginsa ba ce, ya tura ta lungu. Baƙin Allo da ɗan gwaggonsa, wanda ya girme wa da 'yan watanni kawai, suka jawo ta, suka yi ta fama da ita har ta buɗe ido. A kanta suka koyi rubuta umarnin da kwamfuta ke bi, abin da masu sana'ar ke kira kod, ɗaya na karanto littafi ɗaya na bugawa, suna faɗa a kan wa zai zauna a kujera.

Mai rubuta kod yana da wurin da yake rubutun. Shi ma wata manhaja ce, ana ce masa edita. Kamar keken ɗinki ne ga tela: ba shi ne rigar ba, amma a kansa ake wuni. Editan da suka tarar a cikin tsohuwar kwamfutar nan ba ya buƙatar linzamin kwamfuta, komai da madannan rubutu ake yi, kuma wanda bai san shi ba ko hanyar fita ba zai gane ba. Baƙin Allo ya riƙe shi. Kwamfutoci suka zo suka wuce, shi kuwa duk inda ya koma sai ya tafi da editansa, yana ƙara masa ɗan gyara nan da can, har ya zama idan ya yi niyyar goge layi ko ya ɗauko wani daga can ƙasa, yatsunsa sun gama kafin ya gama tunanin.

Ɗan Gwaggo kuwa duk editan da aka fito da shi sai ya ɗanɗana. Yau allonsa shuɗi, gobe fari, jibi ga wasu fitilu suna walƙiya a gefe. Da yake taubasai ne, wannan ya zama abincinsu na kullum.

"Ɗan Kawu, har yanzu kana cikin ramin nan? Kunna fitila mana, kada maciji ya sare ka."

"Ɗan Gwaggo, wane baƙo muka yi yau? Na jiya fa, ko ruwa bai sha ba ka kore shi?"

Sun buɗe ofishinsu a ɗakuna biyu a saman wani shagon taya. Matakalar ƙarfe ce ake hawa, tana rawa, kuma duk lokacin da injin hura iska ya tashi a ƙasa sai shayin da ke cikin kofi ya kama karkarwa. Aikinsu na farko manhaja ce ta masu kantin magani, wadda ke gaya wa mai kanti wane magani ya kusa ƙarewa, wane kuma kwanansa ya kusa cika. Ɗan Gwaggo shi ne baki da ƙafa, shi ke bin kantuna yana tallata ta. Baƙin Allo na zaune yana gina ta. Ta karɓu, suka fara ɗaukar ma'aikata.

Duk sabon da aka ɗauka, Baƙin Allo ke zama da shi ranar farko su shirya masa kwamfuta, kuma ba aikin da yake jin daɗinsa kamar wannan. Sai ya daidaita masa tsayin kujera, ya ɗora allon a kan tsofaffin littattafai har ya zo daidai ido, sannan ya sa masa edita biyu ko uku. Bai taɓa cusa wa kowa nasa ba.

"Ka ɗan zauna da wannan, ka ɗan zauna da wancan," yake cewa. "Wanda ka manta kana amfani da shi, shi ne naka."

Matarsa tela ce, a ɗakin gaba na gidansu take ɗinki. 'Ya'yansu mata biyu sun yi aure a nesa. Takan ce masa, "Ni da kai duk masu ɗinki ne, Baban yara, sai dai naka ba a zuwa biki da shi." Haka suka yi ta zama, shekara na bin shekara, ba wani abin ba da labari.

Wata rana da hantsi wani ɗan ƙaramin aiki ya ƙi tashi. Baƙin Allo ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya, ya sake bi, har rana ta karkata bai ga laifin ba. Ɗan Gwaggo ya zo wucewa da kofinsa, ya leƙa ta kafaɗarsa, ya ɗora yatsa a kan allon. Alamar ruwa biyu ce a inda ya kamata a sa waƙafi mai ruwa.

"Tsufa ya yi sallama, Ɗan Kawu," in ji shi yana dariya. "A yi karo-karo a saya wa tsoho tabarau."

Baƙin Allo ma ya yi dariya. Amma ya san ya kalli wannan wurin sau da yawa. Bayan nan ya fara lura da wasu abubuwa. Kafaɗarsa na bugun bakin ƙofa. Matarsa Tela ta ajiye masa ruwa a gefen dama, ya yi ta nema har ya ture shi. Ita ce ta matsa masa suka je asibitin ido.

Likitar ta daɗe tana haska idanun, ta sa shi ya kalli cikin wani injin ya riƙa danna abu duk lokacin da ya ga ɗigon haske. Ya ji shirun da yake yi ya fi dannawar yawa.

"Ruwan cikin idonka ne ya yi ƙarfi," in ji ta, "ya daɗe yana danne jijiyar gani. Ba ya ciwo, shi ya sa ba ka sani ba. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Za mu yi ƙoƙari mu tsare wanda ya rage."

"Zan ci gaba da karatu?"

Kafin ta amsa sai da ta kalli Tela. Wannan kam ya gani.

An ɗiga magani, an yi aiki a ido ɗaya, an yi a ɗayan. Duniya ta ci gaba da tsukewa, kamar yana leƙenta ta cikin bututu, bututun kuma kullum ƙara ƙanƙancewa yake. Ya ƙara girman haruffan editansa. Ya mayar da su ruwan ɗorawa, domin koren ya fara narkewa cikin baƙin. Ya sa aka kawo masa babban allo, ya riƙa bin layi da kansa gaba ɗaya daga hagu zuwa dama har wuyansa ya riƙe. Haruffan suka yi ta girma har kalma biyu ta cika allon. Ranar da ya kunna ya ga haske kawai, babu siffar komai a ciki, ya kashe, ya ce wa Ɗan Gwaggo zai ɗan huta a gida.

A gida ya zauna yana jin ƙarar keken Tela. Ba ya magana sosai, abinci ma sai ta tsaya a kansa. Da ta ga zaman zai cinye shi, ita ce ta tuna masa maganar da likitar ta taɓa yi, cewa akwai manhajar da ke karanta wa makaho abin da ke kan allo. Ta bar ɗinkinta, ta zauna kusa da shi, yana gaya mata inda za ta danna, tana karanto masa abin da ya fito, tana tuntuɓe a kan kalmomin yana gyara mata. Suka sa muryoyi iri-iri. Akwai wata mai daɗi kamar ta mai karanta labarai, amma tana jan magana. Akwai wata kamar kwaɗo a cikin gwangwani, amma ana iya sa ta gudu ba ta haɗiye harafi. Ya zaɓi kwaɗon.

"Duk muryoyin nan ka rasa wadda za ka kawo mana gida sai wannan?" in ji Tela. Ita ta raɗa mata Malam Surutu.

Da farko abin azaba ne. Malam Surutu ba ya tsallake komai: buɗe baka, rufe baka, waƙafi, aya, fili, fili, fili. Kafin ya kai ƙarshen layi Baƙin Allo ya manta farkonsa. Sai ya cire abin kunnen ya dafe kai. Amma a nan tsohon editan nasa ya yi masa rana. Da ma rubutu ne zalla a cikinsa, ba abin da ke ɓoye a bayan hoto, kuma yatsunsa ba su taɓa buƙatar ido ba. Ya zauna ya shirya shi da kunne yadda a da ya shirya shi da ido. Ya sa wata 'yar ƙararrawa ta riƙa kaɗawa idan layi na da kuskure. Ya sa muryar ta riƙa siririncewa idan layi ya shiga ciki, ta yi kauri idan ya fito. Ya yi ta ƙara mata gudu har Tela ta ce wannan ba magana ba ce, ruwan sama ne a kan kwano. Rannan ya rubuta wani ɗan aiki daga farko har ƙarshe, ya tayar da shi, ya tashi lafiya. Ya kira ta, ya sa mata abin kunnen ta ji, ko da yake ba ta gane komai ba. Ta ce masa ya yi kyau, ta fita tsakar gida ta daɗe tana wanke kwanon da ba shi da datti.

Ranar da zai koma ofis ya shirya amsoshinsa tun a hanya. Ya san Ɗan Gwaggo ba zai bar wannan dama ta wuce ba. Mutumin da ya yi shekaru ana ce masa Baƙin Allo yau allon ya zama baƙi na gaske, ai sai an yi mako ana cin wannan. Tela ta kai shi gindin matakala. A nan ya ji hannu ya kama gwiwar hannunsa.

"Sannu da zuwa, Yaya. A hankali, Yaya. Ga ƙarfen nan, riƙe."

Tunda suke Ɗan Gwaggo bai taɓa ce masa Yaya ba. Da suka hau sama Baƙin Allo ya gwada da kansa.

"To, Ɗan Gwaggo, ka huta da ce min in kunna fitila."

Ba wanda ya yi dariya. Can sai Ɗan Gwaggo ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Yaya."

Laƙabin ma ya faɗi tun daga ranar. Ma'aikata suka koma ce masa Baba. Idan ya shigo sai hira ta tsaya, a janye kujeru daga hanya, a yi ta yi masa sannu kamar mai jego. Shi dai ya sa abin kunnensa ya yi aiki, kuma aikin ya yi kyau. Bai kai saurinsa na da ba, amma ba wanda ke jiransa. Ya ce a ransa idan suka saba za su saki jiki.

Ana cikin haka babban aiki ya zo. Wasu masu asibitoci da yawa suka nemi a gina musu manhajar da za ta haɗa kantunan maganinsu duka. Aiki ne da ya fi duk abin da ofishin ya taɓa yi, kuma sun sa sharaɗi: kowa ya yi rubutunsa a wuri ɗaya da kayan aiki iri ɗaya, yadda injiniyoyinsu za su riƙa leƙa aikin kullum. Zamanin kowa da editansa ya ƙare ke nan. Ɗan Gwaggo ya zo ya tsaya a gefen teburinsa.

"Yaya, duk cikinmu kai ka fi sanin zaɓen kayan aiki. Guda uku ne a gabanmu. Ka gwada mana su."

Ya gwada su tsakani da Allah. Na farko Malam Surutu na karanta shi tsaf, amma ya tsufa, ba zai ɗauki aikin ba. Na biyu ana iya lallaɓawa da shi: muryar na karanta rubutun, sai dai wasu lungunan ba ta shiga, kuma yana da nauyi, zai ja wa kowa lokaci. Na uku a intanet yake zaune. Ma'aikatan suka bayyana masa shi da zumuɗi: kowa na ganin abin da ɗan'uwansa ke rubutawa a take, ana jan akwatuna da linzami a haɗa su da layi, kuskure na yin ja tun kafin ka gama buga shi. Shi ne kuma wanda injiniyoyin asibitin ke amfani da shi. Baƙin Allo ya buɗe shi, ya saurara. Malam Surutu ya ce, maɓalli. Ya matsa gaba. Maɓalli. Maɓalli. Hoto. Fanko. Ya bi ta kowace ƙofa da ya sani, ya yi duk dabarar da shekaru suka koya masa. A inda rubutun yake, muryar shiru take yi.

Aka taru a ɗakin ciki, inda ake shan shayi. Ya faɗi abin da ya samu a kowanne, bai rage ba bai ƙara ba.

"Na uku shi ya fi dacewa da aikin," in ji shi. "Sai dai ba ya magana da ni."

Wani ya yi gyaran murya. Wata ta ce wataƙila masu shi za su gyara nan gaba.

"To, kai me ka gani, Yaya?" in ji Ɗan Gwaggo. Sai ya yi sauri ya ƙara, "Wato, me kake tunani?"

A da, da wannan tuntuɓen ya ishe su dariyar wuni guda. Baƙin Allo ya ce, "Na riga na faɗa." Ya kama murza igiyar abin kunnensa. A ransa yana jiran abu ɗaya: Ɗan Gwaggo ya ce, mu ɗauki na biyu, mu lallaɓa, zan shawo kan mutanen. Injin hura iska ya tashi a ƙasa, kofuna suka kama karkarwa, ya mutu.

"Za mu ɗauki na uku," in ji Ɗan Gwaggo. "Shi kuma Yaya za mu san yadda za a yi da shi."

Da kowa ya watse, Ɗan Gwaggo ya jawo kujera kusa da shi.

"Da ka ce kada a ɗauka, wallahi da ban ɗauka ba."

"Shi ya sa ka tambaye ni a gaban yara?"

"Ba haka ba ne, Yaya. Ka san mutanen nan kowa da iyalinsa. Idan aikin nan ya kuɓuce..."

"Na sani. Ban ce ka yi laifi ba."

"To, me kake so in yi?"

"Ba komai. Miƙo min sandata."

Yadda aka yi da shi ɗin shi ne, kullum wani ya kwafo masa rabonsa na kod daga sabon editan, ya yi aikinsa a tsohon, a mayar. Ma'aikatan na karɓa-karɓa, ba wanda ya taɓa nuna gajiya, amma yana jin yadda suke sauke numfashi kafin su taso. Kafin ya gama nasa, abin da ya dogara da shi ya sauya a can inda ba ya ji. Rannan aka mayar da aikinsa ya hau kan na wata ma'aikaciya, ya shafe mata wahalar kwanaki. Ya ji ta a matakala tana waya tana jan hanci, da ya ba ta haƙuri ta ce, "Haba Baba, ba komai," da irin muryar da ake yi wa mara lafiya.

Bayan nan aka rage abin da ake kwafo masa. Aka matsar da teburinsa kusa da ƙofa, wai don kada ya riƙa karo da kujeru. Aka ajiye masa waya, aka ce masu kantin magani na buƙatar wanda ya san manhajar ciki da bai. Ya iya wannan ɗin ma. Yana sauraren mutum har ya gama, ya gaya masa inda zai danna. Wata rana wani mai kanti ya kira a fusace, lissafin kwalayensa ya rikice. Baƙin Allo ya fara yi masa bayani, domin shi ya rubuta wannan sashen da hannunsa tun ofishin na mutum biyu. Mutumin ya katse shi.

"Malam, ba da mai ɗaukar waya nake son magana ba. Haɗa ni da injiniya."

"To," in ji Baƙin Allo. "Bari in haɗa ka."

Ya haɗa shi. Washegari ya ce wa Tela ta raka shi da jaka. Madannansa kawai ya ɗauka da abin kunne. Ɗan Gwaggo ya biyo su har ƙasa yana cewa a zauna a yi magana, teburin na nan, ba mai taɓa shi. Baƙin Allo ya ce masa ya gode, matakalar ce ta fara fin ƙarfinsa.

Magana ta kai kunnen Gwaggo, uwar Ɗan Gwaggo, tsohuwa tukuf. Ta sa aka kawo ta gidan, ta zauna a kan tabarma tana haki.

"Ni ban gane abin da ya haɗa ku ba. An ce min wai a kan abin rubutu ne. Idan alƙalami ne ku faɗa min in sa a sayo biyu."

"Gwaggo, ba faɗa muka yi ba."

"Ai da faɗan kuka yi, da na san maganinsa. Tun kuna yawo ba wando nake raba ku." Ta kamo hannunsa. "Shi ma fa ba ya cin abinci. Ka yafe masa."

"Ba abin yafewa, Gwaggo. Da ni ne a kujerarsa, ban san abin da zan zaɓa ba."

Da gaske yake. Ya sha juya maganar a ransa, bai taɓa samun inda zai kama Ɗan Gwaggo da laifi ba, kuma wannan bai rage masa komai ba. Sau ɗaya ya taɓa buɗe wa Tela cikinsa, suna zaune da la'asar tana cire zare daga wata riga.

"Idon bai yi min ciwo kamar Yayan nan da yake ce min ba," in ji shi. "Da zai zage ni sau ɗaya, da na san har yanzu yana ganina."

Akwai wani dattijo mai ƙaramin kantin magani da ya ƙi sabuwar manhajar, ya ce tsohuwar ta ishe shi. Shi ne Baƙin Allo ya ci gaba da kula wa daga gida. Idan wani abu ya samu matsala dattijon ya kira, sai ka ji Malam Surutu ya tashi a ɗaki, Tela na ɗinki tana murmushi. Baƙin Allo ya kuma aika wa masu sabon editan bayani dalla-dalla na inda muryar ke yin shiru. Suka amsa da godiya, suka ce suna dubawa. Daga baya dattijon ya rasu, 'ya'yansa suka mayar da kantin shagon sayar da waya. Kwamfutar Baƙin Allo ta fara yin kwanaki a rufe, sannan makonni. Tela ta ɗinka mata riga saboda ƙura.

Ɗan Gwaggo yana zuwa gaisuwa lokaci-lokaci. Ya zo da lemo, ya tambayi jiki, ya tambayi yara, ya yi addu'a, ya tafi. Ofishin ya bar saman shagon taya, ya koma wani dogon gini mai na'urar hawa. Shekaru suka ja, furfura ta cika musu kai su biyun.

Wata Asabar da rana Baƙin Allo ya ji mota ta tsaya, ya ji tafiyar Ɗan Gwaggo da sauri fiye da yadda ya saba.

"Yaya, an gyara. Editan nan. Sun fito da sabo, an ce yanzu yana magana. Na zo da kwamfuta."

Tela ta lalubo abin kunnen a cikin durowa, ta goge shi da gefen zaninta. Baƙin Allo ya ɗora yatsunsa a kan madannan, suka ɗan yi ɗari-ɗari, sannan suka sami wurinsu. Malam Surutu ya fara magana. Gudun ya yi masa yawa, sai da ya rage, ya sake ragewa. Amma yana karantawa. Kowane maɓalli da sunansa, kowane akwati yana faɗin abin da ke cikinsa da inda ya dosa. An yi aikin da kyau, har da wasu abubuwan da ya rubuta musu.

"Yana aiki," in ji shi.

"Alhamdu lillahi."

"Buɗe min manhajar kantin magani."

Ɗan Gwaggo ya buɗe. Baƙin Allo ya shiga yana saurare. Ya nemi sashen da ke lissafa kwanan magani, bai same shi inda ya bar shi ba. Ya nemi sunayen da ya raɗa wa abubuwa, babu ko ɗaya. Salon rubutun ma wani ne dabam, da alamomin da bai taɓa ji ba. Ya yi ta sauka ƙasa, fayil bayan fayil, ko zai ci karo da layi ɗaya da zai gane nasa ne. Keken Tela ya tsaya.

"An sake rubuta ta," in ji Ɗan Gwaggo a ƙarshe, a hankali. "Dole ce ta sa. Amma tsarin naka ne. Idan kana so ka dawo, yara za su nuna maka sabon salon, ba wuya."

Baƙin Allo ya cire abin kunnen, ya naɗe igiyar a yatsunsa, ya ajiye.

"Sun yi aiki mai kyau," in ji shi. "Ka gaishe su. Zan yi tunani."

Ya raka shi har bakin ƙofar gida, hannunsa na bin bango. Suka yi sallama. Ya ji ƙofar motar ta rufe, ya tsaya yana jiran ƙarar injin don ya koma ciki. Ba ta tashi ba. Wani mai kura ya wuce, wasu mata suka wuce suna hira, motar na nan shiru. Ya san Ɗan Gwaggo na ciki, ya san yana kallonsa ta gilashi. Bai matsa ba, bai kuma koma ba. An daɗe a haka kafin injin ya tashi, motar ta ja a hankali ta sha kwana.

Bai koma ofishin ba. Yana nan a gidan har yanzu, yawanci a kujerar da ke bakin taga, inda ya ce yana jin ɗumin rana a fuskarsa. Maƙwabta na kawo masa rediyonsu idan ya lalace. Yakan kara shi a kunne, ya murɗa, ya gaya musu abin da za su ce wa mai gyara.